BA NI DA ƊA MAI WANNAN SUNA

Shafi na 23

Da sunan Allah. Masu cewa na yi nauyin hannu, na ji, na kuma amsa laifina. Ke Saudat ta Saji da kika turo min saƙo har tara kina tambayar ko mutuwa na yi, ban mutu ba, wayata ce ta faɗa ruwan wanki, sai da ta kwana biyu a cikin buhun shinkafa kafin ta farfaɗo. Wannan shafin naki ne, karanta ki bar ni in sha ruwa.

Sababbin zuwa kuma ku matso in guntsa muku. Sagiru Ɗantsoho direban tankar ruwa ne a wani kamfanin gine-gine a wata ƙasa can bayan teku, wadda na rantse ba zan kama sunanta ba. Abokan aikinsa uku suka mutu a bakin aiki, ya tattara sunayensu ya kai ƙara. Wata Juma'a wasu mutane marasa kaki suka tura shi cikin mota marar lamba. Yau wata goma sha huɗu ke nan, ko tarinsa ba a sake ji ba. Matarsa Khadijatu, uwar 'yarsa Na'ima, ta rubuta wa Abuja takarda har hannunta ya gaji. Amsa ɗaya tak ta samu, wata takwas da suka wuce, cewa an tuntuɓi danginsa ta waya sun ce ba su san shi ba, don haka an rufe fayil. Ita kuwa ta ɗora laifin a kan ƙaninsa Isiyaku, har a rediyo ta kama sunansa. A shafin baya mun tsaya inda wani baƙo daga Abuja ya sauka a tashar Rano yana tambayar hanyar Lausu.

*

Tabarma biyu aka shimfiɗa ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidan Inna Fulera, mahaifiyar Sagiru.

Ruwan safe bai daɗe da ɗaukewa ba. Baƙon ya zauna a kan ɗaya, takalmansa duk taɓo, jakarsa a kan cinya ya ƙanƙame ta. Isiyaku na gefensa.

A ɗayar kuma Khadijatu ce da Gwaggo Zulaiha, yayar marigayi mahaifin Sagiru, wadda ta riƙe shi a Kibiya tun daga yaye. A kan babur ɗaya suka taho da Isiyaku ya aika musu.

Inna ta ƙi hawa tabarma. Tana can bakin ƙofar ɗakinta da faifai a cinya tana tsinkar zogale, kanta a ƙasa.

"Sunana Tajuddeen," in ji baƙon. "Ɗan Ilorin ne ni, amma a Kano na yi karatu, a can na tsinci Hausa. In na yi kuskure a gafarce ni."

"Ba Hausarka ce ta dame mu ba."

Khadijatu ke nan. Ko gaisuwar kirki ba ta bari an gama ba. Ta zaro takardar nan daga cikin hijabi, duk ta yi laushi saboda ninki da buɗewa, ta jefa masa a gaba.

"Kai ka sa hannu a nan?"

Ya duba. "Ni ne."

"To sannu da aiki. Akuya ma in ta ɓata a garin nan sai an yi cigiyarta a masallaci uku. Ku kuwa mutum guda, mai mata da 'ya, an sace shi da rana tsaka, waya ɗaya kuka buga kuka ce kun rufe fayil."

"Khadija bi a hankali," in ji Gwaggo.

"Gwaggo wata goma sha huɗu ina bi a hankali. Me na samu?"

Tajuddeen bai kare kansa ba. Ya gyara zama, ya yi magana a hankali kamar mai tsoron kada harshe ya zame masa.

"Kamfanin ya karɓe fasfonsa tun ranar da ya sauka. Da jakadanmu ya rubuta yana tambaya, hukumomin can suka ce babu ɗan ƙasarku mai wannan suna a hannunmu. Suka ce takarda ba shaida ba ce, kowa na iya yin ta, sai dai uwa ko uba su fito su ce namu ne. Shi kuma jakada ba shi da hurumin tambayar mutumin da ba nasa ba. Shi ya sa aka ce in kira lambar da Malam Sagiru ya rubuta da kansa lokacin da ya nemi fasfo."

"Ai ga wanda ka kira nan a gefenka," in ji Khadijatu, ba ta ko dubi Isiyaku ba. "Wanda gonar fadamar Abban Na'ima ta tsone wa ido."

Isiyaku ya dafe kai.

"Matar Yaya, na dafa miki Alƙur'ani a gaban mai unguwa. Me kuma ya rage in dafa?"

"Zuciyarka."

"Kin san me ake kirana a tasha yanzu? Mai sayar da wa. Fasinja ya zo ya ga motata ce a layi, sai ya ce zai jira ta gaba. Gonar nan da kike faɗa, nome ta nake don kada ta zama saura, buhu nawa na kai miki Kibiya kika dawo min da shi?"

"Kaɗan ma ka gani."

"Hajiya," in ji Tajuddeen.

"Ban gama ba."

"Hajiya, ba namiji ne ya ɗauki wayar ba."



Khadijatu ta ce, "Ƙarya ne. Rufa masa asiri za ka yi."

"Ba ni da abin da zan rufa wa wani, nawa ma a buɗe yake. Ga lambar nan a rubuce. Bari in kira ta a gabanku, gani ya kori ji."

Ya ciro wayarsa. Ya duba takarda, ya danna, ya duba, ya danna.

Isiyaku ya zaro tasa daga aljihu ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya naɗe hannu.

Ba ta yi ƙara ba.

Daga can bakin ƙofar ɗaki ƙarar ta taso. 'Yar ƙaramar waya mai tocila, wadda ke ƙulle a gefen zanin Inna, ita ce ta kama kuka.

Hannun Inna ya tsaya cak a kan zogalen. Ba ta ɗago ba, ba ta taɓa wayar ba. Haka ta yi ta kuka a jikinta har ta gaji ta yi shiru don kanta.

Jama'a, ni da nake rubutawa sai da na ajiye tawa wayar na yi salati.

"Inna?" in ji Isiyaku. Muryarsa ta koma ta yaro.

Ta ƙura wa faifai ido.

"Inna, ke ce?"

Tajuddeen ya sunkuyar da kai. "Mama, ki yafe min, dole in faɗa. Sau uku na tambaya. Na ce ke ce mahaifiyar Sagiru Ɗantsoho? Kika ce a'a. Na ce kin san shi? Kika ce ba ni da ɗa mai wannan suna. Na ce Mama ki yi tunani da kyau. Sai aka kashe wayar."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Gwaggo ce ta daki ƙirji. Ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba.

"Ranar sunan gidan Malam Saminu a Saji! Wayyo ni Zulai, ina wurin! Fulera, wannan wayar ce?"

Inna ta gyaɗa kai, idonta a kan faifai.

"Wayarta ba ta jin magana sai a buɗe, kowa na ji," in ji Gwaggo, tana juyawa ga baƙon kamar shi ne alƙali. "Ɗaki cike da mu dangin mijinta. Ni na ce mata 'yan damfara ne, kashe. Da bakin nan nawa. Har kirari na yi mata, na ce Fulera ba dai alkunya ba, shekara talatin da huɗu ko a waya ba ta yarda ta amsa ɗan fari ba. Muka kwashe da dariya, muka ci gaba da cin waina. Wallahi ban sake tuna abin ba sai yanzu."

Ku 'yan yanzu masu ɗora hoton ɗan fari a waya kuna zuba masa kalaman so, na san wannan zai yi muku wuyar haɗiya. A gidan da Inna ta tashi, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a haɗa ido da shi, ba a amsa cewa naka ne a gaban surukai. Tun da aka yaye Sagiru aka miƙa wa Gwaggo, "na Kibiya" take ce masa. In ya zo gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Kuma kada wata ta ce min rashin so ne, don duk sanda zai zo tun asuba take dama furar da yake so, ta ce wai ta baƙi ce.

Khadijatu ta rarrafo har bakin tabarma.

"Inna, to ranar kuskure ne, na yarda. Da takardar ta zo fa? A nan na karanta miki ita, a kan tabarmar nan, ina fassara miki ina kuka."

"A ranar na gane," in ji Inna. Shi ne karo na farko da ta yi magana. Muryar a dishe take.

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru."

"Wata takwas, Inna."

"Da wane baki zan ce ni ce?" Hawaye na ɗiga cikin zogalen, ba ta share ba. "Na ce bari gobe in faɗa. Goben ta zo na ce jibi. Rannan ina shara na ji ki a rediyon maƙwabta kin kama sunan Isiyaku. Na ce shi ke nan, in na faɗa yanzu na kunyata yarinyar nan a idon duniya, in na yi shiru na cuci wannan. Kullum maganar sai ƙara nauyi take. Na kira lambar nan a ɓoye ban san iyaka ba, a bayan rumbu nake tsugunawa. Wata mata ce take ɗauka ta yi ta Turanci, ina ce mata ni ce uwarsa, ba ta saurare."

"Na'ura ce, Mama," in ji Tajuddeen a hankali. "Layin ofis ne, ba ya karɓar kira."

"To ita na yi ta faɗa wa."

Isiyaku ya miƙe. Ya tafi jikin rumbu ya tsaya ya juya musu baya, kafaɗarsa na motsi.

"Kullum nan nake zuwa in ci tuwonki, Inna. In zauna in ba ki labarin abin da aka ce min a tasha. Ki ce in yi haƙuri, Allah zai bayyana gaskiya."

"Na ce."

"Ashe gaskiyar na ƙulle a zaninki."

Inna ta rufe ƙullin zanin da tafin hannu.

Ita kuwa Khadijatu, uwar baki, wadda ta wanke ma'aikatan ƙaramar hukuma tas, wadda ta tsaya a gaban mai unguwa ba ta ƙifta ido ba, yau ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tuna muryarta a rediyo. Ta tuna buhunan masarar da ta sa aka mayar masa har tasha a gaban abokan aikinsa. Magana zarar bunu ce, ta zare ta kuma duk Rano ta gani.

Ta ja gwiwa ta nufi rumbun.

"Isiyaku..."

"Bari, matar Yaya."

"Don girman Allah..."

"Na ce bari. Ba yanzu ba. In na juyo yanzu zan faɗi abin da Yaya ba zai yafe min ba."

Ta tsaya a nan durƙushe cikin danshin ƙasa, ta rasa gaba ta rasa baya.

"Kada ku ɗora wa Mama ita kaɗai," in ji Tajuddeen. "Nawa ya fi nata."

Suka dube shi.

"A lokacin manyanmu na shirin kai ziyara can, za a sa hannu a wata yarjejeniya. Sunaye goma sha biyu ne a kan teburina, duk mutanenmu da suka ɓace. Aka ce min a duba a rage, ba a zuwa gidan mutane da doguwar takarda. Da Mama ta ce a'a... wallahi daɗi na ji. Na ji muryarta na rawa, na ji dariyar mata, zuciyata ta ce min akwai wani abu. Ban sake kira ba. Na ja layi a kan sunan na tafi cin abinci."

"Sauran goma sha ɗayan fa?" Isiyaku ya tambaya daga jikin rumbu.

"An rubuta wasiƙa a kansu. Mai laushi, duk roƙo da godiya, ko kalmar sacewa babu a ciki. Irinta muke rubutawa."

"Ta yi aiki?"

Tajuddeen ya daɗe yana kallon taɓon takalminsa.

"An sako bakwai. Sun yi azumi a gidajensu."

Gwaggo ta ɗora hannu biyu a ka. Khadijatu ta zube zaune. Azumin da ta yi tana ajiye masa dabino a ƙoƙo kullum da magariba, ashe da tare za su yi shi. Raina ya ɓaci a nan, ba zan ɓoye muku ba, kuma na rasa wanda zan huce a kansa, don kowa a gidan nan kansa a ƙasa yake.

"To me ya kawo ka yanzu?" in ji Isiyaku. Ya juyo, idonsa jajir. "Ka zo ka sauke nauyin zuciyarka a kanmu ka koma?"

"Makon jiya wani mutum ya zo ofis. Ramalan sunansa, ɗan Zariya, an koro shi daga can. Wata biyar ya yi a ɗakin da ke jikin na Malam Sagiru."

Khadijatu ta zabura. "Ya gan shi? Yana da rai?"

"Bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ta wata kafa a ƙasan bango suke magana. A lokacin yana da rai. Daga baya aka raba su, yau wata biyu."

"Me ya ce? Ya ambace mu?"

"Kullum. Ke da Na'ima da Gwaggo." Ya dubi bakin ƙofar ɗaki. "Mama, akwai wadda ta shafe ki. In kin ce in bari sai in bari."

"Faɗi," in ji Inna.

"Masu tsare da shi sun kai masa takardata."



"Da tafinta suka je. Suka ce masa ƙasarka ta ce ba ta san ka ba, uwarka ta ce ba ta da ɗa mai sunanka, ba mai zuwa nemanka, sa hannu a nan ka amsa laifi. Ramalan ya ce yana jin su ta bango. Da suka fita ya kasa kunne ya ji ko kuka zai yi."

"Ya yi?" Gwaggo ta tambaya da raɗa.

"Dariya ya yi. Ramalan ya ɗauka ya zautu. Ya ce masa lafiya? Ya ce, alhamdu lillahi, Inna ce da kanta ta ɗauki wayar. Da wata suka samu, da cewa za ta yi eh ɗana ne. Ashe tana nan da ranta. Kuma bai sa hannun ba."

Faifan ya suɓuce daga cinyar Inna, zogale ya watse a ƙasa.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani irin sauti ya fito daga ƙarƙashinsa, wanda Isiyaku bai taɓa ji daga gare ta ba, ko ranar da aka fita da gawar mahaifinsu.

"Ramalan ne ya dube ni ya ce, Yallaɓai, ɗan fari ne fa," in ji Tajuddeen. "Shekara shida na yi a Kano, na iya cinikin tumatir da Hausa, ban san wannan ba. Ban kuma tambayi kowa ba, ga Hausawa cike da ofis."

Ya bar Inna ta yi kuka mai isarta. Sannan ya buɗe jakar da ya ƙanƙame tun zuwansa, ya ciro farar ambulan.

"Jibi Alhamis wata tawaga za ta tafi. Hukumomin can sun ba jakadanmu hotuna huɗu, na mutanen da suka ce ba ƙasar da ta ce nata ne. Na gwada su da hoton fasfo, na kasa rabewa. An aske su, sun rame ƙwarai. Sun ce duk wanda uwarsa ko ubansa ya nuna a bidiyo, ya kira sunansa, ya ce ni na haife shi, za su saurari magana a kansa. In ba a samu ba kafin tawagar ta tashi, ban san yaushe ƙofar za ta sake buɗewa ba."

"Kawo in nuna," in ji Khadijatu. "Ko a cikin dubu zan gane shi."

"Ba su karɓar ta mata."

"To ni," in ji Gwaggo. "Ni na goya shi, ni na yi masa kaciya, ni na yi masa aure. Sagiru ɗana ne, in faɗa sau ɗari?"

"Sunan da ke takarda shi suke so, Hajiya." Ya nuna mata kwafin. "Ga rubutunsa. Fulera Ɗantsoho. A gefe ya sa, uwa."

Gwaggo ta ƙura wa rubutun ido, duk da ba karanta boko take ba.

"Ashe ita ya rubuta," ta ce. Ta share ido da gefen ɗankwali. "Ya kyauta. Ɗan halak."

"Saura abu ɗaya," in ji Tajuddeen. "Gara ku ji tun yanzu. Ɗaya daga cikin huɗun an buga jan hatimi a bayan hotonsa."

"Ma'ana?" in ji Isiyaku.

"Ma'ana shi gawa za a karɓo."

Khadijatu ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Ka san wanne ne?"

"Na sani. Ba zan faɗa ba sai Mama ta nuna, kada zuciya ta zaɓar mata."

Ya jera hotunan a kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya, ya danne gefensu da ambulan don iska. Khadijatu ta kau da kai ta runtse ido. Isiyaku ya dawo ya tsaya a bayanta.

Inna ta sauke mayafin daga fuskarta.

"Ni ban taɓa tsayawa na kalle shi ba," ta ce. "In na nuna ɗan wata fa?"

"Ƙarya kike yi, Fulera," in ji Gwaggo cikin kuka. "Duk zuwan da zai yi, in ya juya zai tafi, ta kafar asabari kike leƙensa har ya ɓace. Kin ɗauka ban gan ki ba? Shiru kawai na yi miki."

Inna ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango. Ta ɗauki buta ta wanke hannunta da ganyen da ya manne, ta goge a zani. Ta tako a hankali ta hau tabarmar da ta ƙi hawa tun safe, ta zauna daf da hotunan.

Gwaggo ta yunƙura. "Bari in shiga ɗaki in ba ki wuri. Ba za ki iya a gabana ba."

Inna ta kamo gefen zaninta.

"Zauna, Yaya. A gabanki na ƙi shi."

Gwaggo ta koma ta zauna.

"Kunna abin naka, ɗan nan."

Tajuddeen ya ɗaga wayarsa ya saita ta.

"Na kunna, Mama. Ki fara da sunanki."

"Ni ce Fulera, matar marigayi Ɗantsoho, ta Lausu."

Ta sunkuya kan hoto na farko. Ta dube shi ido cikin ido, ta daɗe. Ta girgiza kai.

"Allah ya haɗa ka da taka uwar," ta ce, ta wuce.

Na biyu. Ta matso da fuskarta har numfashinta na taɓa takardar. Ta girgiza kai.

Na uku.

Nan ta tsaya.

Mutum ne kai a aske, ƙasusuwan kumatu a waje, ido ɗaya a kumbure. Ta kai ɗan yatsa ta shafa goshinsa, ta gangaro kan kunnensa, kamar mai share wa jariri ƙura.

Leɓɓanta suka motsa, sauti bai fito ba. Ta sake gwadawa, sunan ya ƙi fita. Khadijatu ta buɗe ido ta ga inda yatsan yake, ta ƙwalla ƙara, Isiyaku ya riƙe ta.

Inna ta ɗago kai ta dubi wayar sosai.

"Sagiru."

Gwaggo ta fashe da kuka.

"Sagiru ne. Ɗana ne. Ni na haife shi, ranar Laraba, a ɗakin can, kwana biyu ina naƙuda. Duk wanda ya ce muku ba ni da ɗa mai wannan suna ƙarya ya yi, ko da ni ce. Ku ba ni abina."

Ta juya ga Tajuddeen. Bai sauke wayar ba, hawaye na zuba a kan rigarsa, ya ƙi haɗa ido da kowa.

"Na nuna," in ji Inna. "Juya min bayansa."

Bai motsa ba.

"Ɗan nan, da kai nake. Juya."

Tajuddeen ya ajiye wayar a kan tabarma, ya miƙa hannu ya kama gefen hoton.